Ma'aunin Nasarar Ma'aikaci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Maganarmu ta wannan mako a kan wata tambaya ce wadda kowane mai fita neman abinci yake ɗauke da amsarta a zuciya, ko da bai taɓa furta ta da baki ba. Tambayar ita ce: idan aka ce wane ya ci nasara a aikinsa, me ake nufi? Amsar da mutum ya ba kansa ita ce take tuƙa shi tun daga ranar da ya kama aiki har ranar da zai ajiye, ita ce kuma take yanke masa shawara a ranar da haram ta zo masa da sauƙi, halal kuwa ta zo da wuya. Saboda haka ya kamata mu zauna mu dubi wannan amsa da idon basira.

In ka saurari hirar majalisa a kowane gari namu, za ka ji ma'aunin da aka saba da shi. Wane ya samu ƙarin girma, an ba shi ofishi mai masinja a bakin ƙofa, ya gina bene, ya sauya mota, to, shi ne wanda Allah Ya ɗaga. Tun daga rahoton Udoji na 1974 aka jera ma'aikatan gwamnati a Nijeriya bisa matakai, daga na 01 har zuwa na 17, kuma galibinsu sukan ajiye aiki idan sun cika shekara 35 suna yi, ko kuwa sun kai shekara 60 da haihuwa. Yaro yakan shiga ofis idonsa a kan wannan tsani, yana lissafin matakin da zai taka kafin ranar ritaya. Ɗan kasuwa ma da nasa tsanin, yana ƙirga rumfuna da motocin kaya, haka nan malamin jami'a da soja da ɗan siyasa. Ba mu ce neman waɗannan abubuwa laifi ba ne. Abin da muke tambaya shi ne ko sun isa su zama ma'aunin rayuwar ɗan Adam.

Wannan ma'auni yana da aibu uku. Na farko, yana auna abin da ba ya hannun mutum. Kujerar babban sakatare guda ɗaya ce a ma'aikata, alhali kuwa ɗaruruwa ne suka kama aiki tare. In hawa kujerar nan ita ce nasara, ashe an yanke wa mafi yawan mutane hukuncin faɗuwa tun kafin su soma, kome ƙoƙarinsu da gaskiyarsu. Na biyu, yana auna abin da ake iya karɓewa dare ɗaya. Dattawa ba su manta da shekarar 1975 ba, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, waɗansu ma a rediyo suka ji labarin korarsu. A cikinsu akwai masu laifi, akwai kuma waɗanda guguwa ce kawai ta kwashe. Mutumin da ya kwana yana mai girma ya wayi gari ba mai gaishe shi, sai ya gane cewa gaisuwar da ma ta kujera ce, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Aibi na uku ya fi sauran muni, domin wannan ma'auni ba ya tambayar hanya. Wanda ya hau da guminsa da wanda ya hau da cin hanci, ko da rage shekarun haihuwa, ko da kai gulmar abokan aiki wurin shugaba, duk maki ɗaya yake ba su. Al'ummar da take yin tafi ga sakamako ba ta tambayi hanya ba, ita ce da kanta take koya wa 'ya'yanta sata.

Alƙur'ani mai girma ya kawo mana labarin mutumin da ya cika wannan ma'auni har ya batse, watau Ƙaruna, a cikin Suratul Ƙasas. Yana daga cikin mutanen Annabi Musa, alaihis salam, dukiyarsa kuwa ta kai inda ɗaukar makullan taskokinsa kaɗai yake nauyaya wa ƙarfafan maza. Da aka yi masa nasiha sai ya danganta abin da ya samu ga iliminsa da dabararsa. Ranar da ya fito cikin adonsa, masu son duniya suka yi burin ina ma su ne, masu ilmi kuwa suka gargaɗe su. Da ƙasa ta haɗiye shi da gidansa, waɗanda suka yi burin matsayinsa jiya su ne suka wayi gari suna gode wa Allah da bai ba su irin rabonsa ba. Abin lura a nan shi ne, Ƙaruna bai gaza a sana'arsa ba. Dukiya ta yi ta haɓaka, mai dukiyar kuwa yana ta ƙanƙancewa, har ya kai bai iya jin nasiha ba.

To, mene ne ma'aunin Musulunci? Kalmar da addini ya fi amfani da ita wajen nasara ita ce falahi, wadda ladan yake kiran mu zuwa gare ta sau biyar kullum. Malaman lugga sun bayyana cewa asalinta ɗaya ne da sunan da Larabawa suke kiran manomi da shi, saboda yana tsaga ƙasa ya fitar da amfani. Sa'an nan a Suratush Shamsi da Suratul A'ala an ɗaura samun falahi a kan tazkiyya, ita kuwa tazkiyya kalma ce mai ma'ana biyu a haɗe, tsarkakewa da haɓakawa, daga nan ne ma sunan zakka ya fito. Ashe ke nan a harshen addini, mai nasara shi ne wanda ya noma ransa: ya yi sassabe, ya yi shuka, ya nome ciyawa, ya koma ya yi maimai, har abin da Allah Ya binne a cikinsa na alheri ya tsiro ya yi ƙwaya. Wanda ya bar ransa saura, ko da ya mallaki garin duka, ya yi hasara.

Idan muka kawo wannan ma'ana cikin sha'anin aiki, sai tambayar ta sauya. Maimakon mu ce me wane ya samu daga aikinsa, sai mu ce me aikin ya mai da shi. Mutum biyu sukan kama aiki rana ɗaya, su yi ritaya rana ɗaya, a kan mataki ɗaya. Ɗaya ya fito ya fi sani, ya fi haƙuri, hannunsa ya saba da barin abin da ba nasa ba. Ɗayan kuwa ya fito da ƙaton ciki da busasshiyar zuciya, ya iya ƙarya ba tare da ƙifta ido ba. Takardar fanshonsu iri ɗaya ce, amma shekara 35 ɗin nan ta gina ɗaya, ta rushe ɗaya.

Wannan haɓaka da muke magana tana tafiya ne da ƙafa biyu, Alƙur'ani kuwa ya nuna su a wurare biyu. Lokacin da ɗiyar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawara ya ɗauki Annabi Musa aiki, dalili biyu ta kawo, ƙarfi da amana. Haka nan lokacin da Annabi Yusufu, alaihis salam, ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya ambaci tsarewa da sani. Watau iya aiki da riƙon amana. Wajibi ne mu jaddada ta farkon, domin akwai masu zaton cewa ibada tana rufe gazawa. Akawun da yake jan carbi a ofis alhali fayilolin tsofaffi masu jiran haƙƙinsu suna shan ƙura a gabansa, bai fahimci addini ba. Likitan da ya daina karatu tun ranar da ya karɓi takardar shaidarsa, da makanikin da yake lalube a cikin injin da bai sani ba don kada ya ce bai iya ba, da malamin makaranta da yake maimaita darasin da ya rubuta shekara 20 da suka wuce, dukansu suna tauye haƙƙin bayin Allah, ko da kuwa suna sahun farko a masallaci. Ƙara ƙwarewa a halattacciyar sana'a yana cikin kyautata aiki da shari'a ta yi umurni da shi. Amma kuma ƙwarewa ba amana takobi ce a hannun ɗan fashi, domin ɓarawon da ya iya lissafi ya fi jahilin ɓarawo ɓarna.

Wani abin da ya kamata mu gane shi ne, wurin aiki shi ne gonar da ake noma halin. Mutum ba ya sanin yana da amana sai ranar da aka bar shi da kuɗin da ba mai ƙirgawa. Ba ya sanin yana da adalci sai ranar da ɗan'uwansa da bare suka zo neman gurbi ɗaya. Kowace sana'a da irin jarrabawarta: ma'aji da kuɗi, alƙali da son zuciya, mai awo da mudu, tela da alkawari, ma'aikaciyar jinya da haƙuri da majinyacin da ciwo ya sa shi faɗa, direba kuwa da rayukan da ya ɗauko. Ko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kiwon tumaki ga mutanen Makka bisa lada, ya kuma yi fatauci da dukiyar Nana Hadiza zuwa Sham, mutanen garinsu kuwa sun san shi da laƙabin Amintacce tun kafin a aiko shi. A cikin hulɗa da cinikayya suka gano wannan hali nasa.

Tarihin malamanmu yana da misalan mutanen da suka auna kansu da wannan ma'auni suna tsakiyar ɗaukaka. Imam Gazali, Allah Ya ji ƙansa, an naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a shekarar 1091, yana da shekara talatin da 'yan kai, ɗalibai wajen 300 suna zama a gabansa, sarakuna suna neman shawararsa. A ma'aunin majalisa, ya gama haye. Amma da ya binciki niyyarsa sai ya tarar neman suna da matsayi ne yake tura shi, abin ya dame shi har harshensa ya kasa karantarwa. A shekarar 1095 ya bar kujerar ya nufi Dimashƙa da Baitul Muƙaddas, ya yi aikin hajji, a wannan zamani ne kuma ya rubuta Ihya'u Ulumid Din, wanda har yau ake karanta shi a zaurukanmu. Ya koma karantarwa a Naisabur a 1106, ya rasu a 1111. Aikin da ya bari shi ya komawa, amma mutumin da ya koma ba shi ne wanda ya tafi ba. Ba muna cewa kowane ma'aikaci ya ajiye aiki ya shiga duniya ba ne, domin mai iyali yana da haƙƙoƙi a wuyansa. Darasin shi ne, mutum ya tsaya ya binciki kansa a lokacin da kowa yake yaba masa.

A ƙasarmu ma muna da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya ji ƙansa. A shekarar 1807, jihadi yana samun galaba, shi kuwa yana cikin manyan jagorori, sai ya ga son ganima da mulki ya soma shiga zukatan jama'a. Ya bar rundunar da nufin tafiya Makka, da ya iso Kano mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya, a nan ya karantar da su ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga baya ya koma. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, alhali Abdullahi ƙanin Shehu ne, ya kuma girme wa Bello. Abin ya haifar da 'yar tsama, amma bayan yaƙin Kalambaina suka sasanta, Abdullahi ya yi mubaya'a ga ɗan wansa, ya zauna a Gwandu yana karantarwa yana rubutu har ya rasu. Bai zama Sarkin Musulmi ba, amma wane mai hankali ne zai ce bai ci nasara ba? Irin wannan ne ya faru ga Halidu ɗan Walidu, Allah Ya yarda da shi, lokacin da Sayyidina Umar ya sauke shi daga shugabancin rundunar Sham ya ɗora Abu Ubaida. Halidu ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashin sabon shugaba da irin ƙwazon da aka san shi da shi. Wanda aka tsallake shi wajen ƙarin girma ya dubi waɗannan bayin Allah, domin yadda mutum ya karɓi saukewa yakan nuna girmansa fiye da yadda ya karɓi naɗi.

Mai karatu yana iya cewa, ai malam wannan magana lallashi ce ga waɗanda suka kasa, kuma hali ba ya sayen buhun masara. Amsa ita ce, Musulunci bai raina buƙatar ciki ba. Ciyar da iyali wajibi ne, kuma sadaka ce ga wanda ya kyautata niyya. Biyan ma'aikaci haƙƙinsa cikakke a kan lokaci wajibi ne a kan wanda ya ɗauke shi, kuma babu wani shugaba da ya halatta ya riƙe albashin mutane sa'an nan ya yi musu wa'azin haƙuri. Ma'aikacin da ya cancanci ƙarin girma yana da ikon nema ta hanyar da doka ta tsara, kamar yadda Annabi Yusufu ya gabatar da kansa lokacin da ya san shi ne ya fi iyawa, jama'a kuwa suna fuskantar yunwa. Abin da aka hana shi ne kwaɗayin muƙami ga wanda ba zai iya ba, shi ya sa da Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, ya nemi a ba shi wani aiki na shugabanci, Annabi ya nuna masa cewa yana da rauni, shugabanci kuwa amana ce da take zama nadama ranar ƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinta ba. Saboda haka a nemi albashi, a nemi matsayi, amma a san cewa guzuri ne. Matafiyin da ya tsaya yana ƙirga guzuri har rana ta faɗi bai isa ko'ina ba.

Wani kuma zai ce ai hali zanen dutse ne, wanda aka haifa da rowa ko zafin rai haka zai mutu. Malaman tarbiyya sun amsa wannan tun da daɗewa, suka ce da hali ba ya sauyawa da wa'azi da horo sun zama aikin banza, alhali muna ganin ana horar da doki da shaho su bar ɗabi'arsu ta daji. Gaskiya ne zanen dutse ba ya gogewa da hannu rana ɗaya, amma igiyar guga tana yi wa bakin rijiya gurbi saboda yawan bi. Wanda ya tilasta wa kansa yin shiru duk lokacin da mai neman taimako ya ɗaga masa murya a ofis, bayan shekaru haƙurin zai zama nasa.

Akwai kuma wani rami da ya kamata mu yi hattara da shi, watau mutum ya mai da gyaran kansa abin alfahari, ya dinga duban abokan aikinsa a matsayin ɓatattu, shi kaɗai ne mai tsarki. Wannan jiji da kai ne da ya sake riga. Ya tabbata a hadisi cewa cikin waɗanda za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama akwai wanda ya mutu a fagen fama, da malami makaranci, da mai yawan kyauta, a tura su wuta domin sun yi ne don a faɗa. Waɗannan ayyuka uku babu kamarsu a daraja, amma niyya ta rushe su. Alamar haɓaka ta gaskiya ita ce mutum ya ƙara ganin aibin kansa, ya rage ganin na mutane.

To, ta yaya ma'aikaci zai auna kansa? Hukuma tana cika masa takardar auna ƙwazo kowace shekara, ya kamata shi ma ya cika wa kansa tasa tsakaninsa da Ubangijinsa, abin da malamai suke kira muhasaba. Ya tambayi kansa: me na iya a bana na sana'ata wanda ban iya ba bara? Akwai kwabon da ya shiga aljihuna wanda ba zan so a tambaye ni asalinsa ba? Talakan da ya zo gabana ba shi da kowa, ya fita yana yi mini addu'a ko yana kai ƙarata wurin Allah? Wa na koya wa aiki a cikin na ƙasa da ni, ko kuwa ɓoye sani nake yi don kada a gaje ni? Iyalina sun ƙaru da ni, ko kuwa saura kawai nake kai musu na gajiya da fushi? Sallata tana nan yadda take kafin a ƙara mini girma? Waɗannan tambayoyi ba baƙi ba ne, domin hadisi ya sanar da mu cewa bawa ba zai gusa ba ranar hisabi sai an tambaye shi rayuwarsa, da iliminsa, da dukiyarsa ta ina ta shigo ta ina ta fita, da jikinsa a cikin me ya ƙarar da shi. Ba a ambaci mataki na nawa ya kai ba.

Kyawun wannan ma'auni shi ne ƙofarsa a buɗe take ga kowa. Masinja da mai gadi da mai shara suna iya cika shi kamar yadda minista zai iya, watakila ma su riga shi. Ba wanda zai iya karɓe shi da sanarwar rediyo, ba ya kuma ƙarewa ranar ritaya. Nauyi kuma yana kanmu mu iyaye da malamai da masu faɗa a ji, mu gyara irin mutanen da muke tashi tsaye dominsu a wurin taro, domin yara suna kallo, abin da suka ga ana girmamawa shi za su nema. In muka ba tsohon malamin firamare da ya yi ritaya da tsabtataccen hannu shimfiɗar da muke ba mai kuɗin da ba a san asalinsa ba, mun yi wa na baya wa'azin da ya fi na mumbari.

Allah Ya sa ayyukanmu su zama hujja gare mu, kada su zama hujja a kanmu. Allah Ya azurta mu da halal, Ya sa mu gama lafiya, Ya kyautata ƙarshenmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.